Kwalbar da ta dawo cikin akwatin Sambo

Shekarar da akwatin Sambo ya iso gida ita ce shekarar da na rasa tifata, Baffa Umaru ya daina kallon fuskata, uwata ma saura kaɗan ta sallame ni. Ku 'ya'yana kun ji labarin gutsi-gutsi a bakin mutane. Ke kuma Zainabu, 'yar ƙanena, kin girma kina ganin mata suna sauke murya idan kin shigo gidan biki. Yanzu da masu neman aurenki suka fara zagaya unguwa suna tambayar asalinki, gara ku ji shi daga wurina yadda ya faru, tun ina da bakin faɗa.

Ni da Sambo a yashi muka tashi. Babanmu ya sayar da sauran shanunsa ya shigo Gombe, ya zauna a Dawaki, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ƙanensa, Baffa Umaru, shi ya riƙe mu, shi ya ciyar da mu tare da Dada, mahaifiyarmu, har muka iya ɗaga shebur. Wannan ba zan ɓoye ba, duk abin da za ku ji a gaba. Boko kam ba mu yi nisa ba. Kwari muka shiga, muna haƙa, muna lodi wa tifa, rana tana dukan ƙeyarmu. Ni aikin ƙarfi na iya. Sambo kuwa rariya ce tasa. Idan magini yana son yashin filasta mai laushi, wanda ba tsakuwa ko ɗaya, Sambo ake nema. Matsalarsa ɗaya: yana tsayawa kallo. Ana tsaka da lodi, direba yana danna hon, sai ka juya ka ga Sambo a durƙushe yana bin wani ƙwaro da ido. Na sha zaginsa a kan haka, kuma in da zai dawo yau ma sai na zage shi.

Bayan ya auri Rabi aka haife ki, sai ya ce shi ya gaji da kwari. Ya tafi Legas, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga nan ya samu aiki a jirgi, daga jirgi ya sauka a wata ƙasa can arewacin Turai, a wani ƙaramin gari na bakin teku da har yau harshena bai iya kama sunansa ba. Ya sha wahala kafin takardunsa su daidaita. Da suka daidaita, sai wasu masu binciken halittun ruwa suka ɗauke shi aiki. Suna fita da ƙaramin jirgi, su saki wani ƙarfe mai baki kamar na kada, ya nutse ya ciko yashin ƙasan teku. Aikin Sambo shi ne ya wanke wannan yashi a rariya, ya tsince duk abin da yake motsi, ya zuba musu a faranti su ƙirga. Ranar da ya faɗa mini, dariya ta hana shi magana.

"Hamma," in ji shi, don haka yake kirana a matsayin wansa, "na ƙetare teku don in tsere wa rariya. Ga ni nan riƙe da rariya."

Wata rana da azahar ina zaune a inuwar tifa ya kira ni ta bidiyo. Yana sanye da wata rigar sanyi kamar katifa, hancinsa yana zuba, bayansa ruwa ne toka-toka har inda ido ya tsaya. Ya juya wayar kan wani faranti da aka cika da jiƙaƙƙen yashi.

"Hamma, gaida abokin sana'armu."

Na kalla. Wani abu ne fari, mai laushi, kamar guntun kitse, bai kai tsawon babban yatsa ba. Ba ƙafa, ba fuskar da za ka ce ga ta. Ina kallo sai ya fara tura gabansa cikin yashi a hankali, yashin yana hawa bayansa yana mannewa, har ya ɓace ɗungum. Ɗan tudu kawai ya rage yana tafiya.

"Wannan kuma wane irin ƙazanta ne?"

"Dodon koɗi ne, amma na teku. Ba shi da gida a bayansa. Ɗan ƙoƙon da yake da shi a cikin jikinsa yake, siriri kamar ɓawon albasa. A cikin yashi yake kwana, a ciki yake kiwo, yana cin ƙananan tsutsotsi da 'yan katantanwa. Ruwan sanyi yake so. Ka sa shi a ruwan Gombe, kafin la'asar ya mutu."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"Ana sayarwa?"

"Wa zai saya?"

"To mene ne amfaninsa?"

"Hamma, kai da kake kwana cikin yashi tun muna yara, mene ne amfaninka?"

Na zage shi, ya yi dariya har ya sarƙe. Daga baya ya ce idan an ƙirga su ana gane ko ruwan wurin yana da lafiya. Ban fahimta sosai ba, ban kuma damu ba. Tun daga ranar duk kiran da zai yi sai ya nuna mini abin, har na gaji na ce idan ba shi da wata magana ya daina cinye mini data. Hotunan da bidiyon duk suna cikin wayata. Da damina ta zo, wayar ta suɓuce daga aljihuna ta faɗa ruwan kwari, ta tafi da komai. A lokacin kuɗin sabuwar waya kawai ya dame ni.

Abin da yake samu bai ci shi kaɗai ba. Ya gina wa Rabi ɗaki biyu a Tudun Wada, ya sake wa Dada rufi, ni kuma ya taimaka mini na shiga haɗin gwiwa da wasu mutum biyu muka sayi tsohuwar tifa. Tun a lokacin akwai masu cewa ɗan shebur ina ya samo wannan. Ban kula su ba.

Ciwon ƙirji ne ya kama shi a lokacin sanyinsu. An kai shi asibiti, bai fito ba. Musulmin garin suka yi masa wanka da salla, suka binne shi a can. Mu nan zaman makoki muka yi ba gawa. Dada ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a kan tabarma tana jan carbi, ta daina tambayar kowa komai.

Sai bayan Rabi ta fita takaba wani Bakano da yake aiki a can ya zo ganin gida, ya biyo ta Gombe ya kawo akwatinsa. Ya sauke, ya yi ta'aziyya, ya ce abokan aikin mamacin ne suka haɗa kayan, ya kama hanya don motar Kano tana jiransa. Da rana aka buɗe akwatin a tsakar gidan Dada, mata cike da gida. Rigar sanyin nan, takalmin roba dogo, carbi, Alƙur'ani, 'yan riguna da ya saya miki bai samu kawowa ba. Can ƙasa akwai safa ta ulu da aka naɗe wani abu a ciki. Goggo Mairo, ƙanwar babanmu, ita ta warware. Ƙaramar kwalba ce mai murfi. A cikinta ruwa garau, ɗan yashi a ƙasa, wata 'yar takarda da rubutun fensir wanda ba wanda ya iya karantawa, sai abin nan fari, ya ɗan takura, yana kwance.

Ni da na gani, hawaye da dariya suka zo mini tare. Na gane cewa mutanen can sun san abin da yake so, suka sa masa shi a kaya don a kai wa danginsa. Na buɗe baki zan yi bayani, Goggo ta riga ni. Ta kwance murfin ta shinshina, ta jefar da safar.

"Innalillahi! Giya ce! Kuma wannan nama ne. Wallahi naman mutum ne, ga layarsa nan a ciki!"

Wata daga baya ta ce ɗan tayi ne. Wata ta ce da ma ta san kuɗin nan ba na Allah da Annabi ba ne. Na ɗaga murya na ce dodon koɗin teku ne, ya nuna mini shi da ransa. Ba wanda ya juyo. Kafin a kira sallar magariba duk Dawaki ta ji cewa Sambo tsafi ya yi ya samu kuɗi, kuma abin da ya ajiye ne ya cinye shi.

Washegari Baffa Umaru ya kira ni zaurensa. Ba mugun mutum ba ne, ku riƙe wannan. Tsoho ne da ya ga yadda magana take cin gida. Kwalbar tana gabansa, an rufe ta da tsumma.

"Adamu, ka ɗauki wannan abu ka fita da shi bayan gari ka binne. Malam zai yi addu'a. Mu yi shiru, magana ta mutu da kanta."

"Baffa, in muka binne shi mun yarda ke nan. Duk wanda ya ji an binne zai ce da ma akwai abin ɓoyewa."

"Ka ce ya nuna maka a waya. Kawo wayar."

"Ruwa ya ci ta."

"To maganarka ce kawai."

"Maganata ce kawai, Baffa. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

"Ban ce kana ƙarya ba. Ɗan'uwanka ne, abin da ya so ka gani shi ya nuna maka. Ni da na riƙe ku ina cewa ka binne."

"Ba zan binne ba. Yarinyar nan za ta girma, za a kira ta 'yar matsafi, ba ta da abin da za ta nuna."

Sannan ya ce idan na fita da kwalbar nan ban binne ta ba, kada in sake taka zaurensa. Na ɗauka na shiga wurin Dada, ina zaton ita za ta tsaya mini. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Fitar mini da shi daga gida," ta ce. "Kai ma ka tafi."

Ni mutum ne mai taurin kai, kun sani. Na ce tunda ɓoyewa ita ce matsalar, to zan bayyana. A bakin titi kusa da Kasuwar Gombe muke da wurin da muke tara yashi muna jiran masu saye. Na ɗora kwalbar a kan benci, a fili, inda kowa zai gani. Duk wanda ya tsaya sai in ba shi labari: ga sunansa, ga inda yake zama, ga abin da yake ci. Mai kemis ɗin da ke kusa da mu ya shinshina ruwan ya ce ba giyar sha ba ce, sifirit ne irin na goge ciwo, shi yake hana abin ruɓewa. Ya ma nemo mini hoton irinsa a wayarsa. Na yi ta nuna wa mutane. Wasu suka ce to, Allah mai iko. Wasu suka ce na hoton a miƙe yake, wannan a takure. Wasu suka ce waya ai komai tana nunawa. Wani dattijo ya ce ko da dodon koɗin ne, me mutum mai hankali zai yi da shi a cikin akwati in ba wani aiki yake masa ba?

Ciniki ya fara ja baya. Wani magini da muka daɗe tare ya ja ni gefe ya ce, "Adamu, yashinka ba shi da laifi. Amma mai gidan ya ce matarsa ba za ta kwana a ɗakin da aka yi da yashin wurin nan ba." Haka suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Abokan haɗin gwiwata suka ce ko in ɗauke kwalbar ko in karɓi rabona in fita. Na karɓa na fita. Rabon ya narke a abinci da kuɗin makarantarku. Na koma kwari da shebur, ina lodi wa tifar da da nake zama a gabanta. Ciwon bayan da kuke ji ina kuka da shi, a shekarar na samo shi. Uwarku ta yi haƙuri da ni, amma ita ma an daina aiko mata goron gayyata.

Rabi ce ta faɗa mini gaskiyar da ban so ji ba. Na je gaishe ta a Tudun Wada, ta sa na rantse mata cewa na ga abin da rai a hannun mijinta. Na rantse. Ta share hawaye, ta ce ta yarda. Sannan ta ce:

"Hamma, wahalar banza kake yi a bakin titi. Direbobi da magina ba su suke maganar ba. Maganar tana cikin gidaje, wurin suna da wurin biki, inda ba ka shiga."

Na ci gaba da ɗaukar kwalbar a aljihu ina zuwa kwari da ita, don ban san inda zan ajiye ta ba.

Ke kika juya al'amarin, Zainabu, ba ki sani ba. A lokacin kin fara zuwa Islamiyya. Wata rana kika dawo ba ki ci abinci ba, kika tafi wurin Dada kika tsaya a gabanta kika ce yara sun ƙi zama kusa da ke, sun ce babanki yana ajiye jarirai a kwalba, shin gaskiya ne? Rabi ta ce Dada ba ta iya ce miki e ba, ba ta iya ce miki a'a ba. Da safe ta aiko a kira ni, ta ce in zo da abin.

Na same ta a ƙofar ɗakinta. Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin. Ta miƙo hannu na sa mata kwalbar. Ta ɗaga ta saitin rana ta kawo kusa da fuskarta, ta daɗe.

"Faɗa mini yadda ya faɗa maka. Kada ka gyara, kada ka rage."

Na faɗa. Jirgin, ƙarfen mai baki, rariya, rigar sanyi, yadda abin yake tura kansa cikin yashi har ya ɓace. Na faɗa mata na tambaye shi ko ana ci, ko ana sayarwa. Da na zo inda ya ce, kai da kake kwana cikin yashi mene ne amfaninka, sai wata dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ban ji ba tun kafin rasuwar. Dariyar ba ta ƙare ba ta koma kuka. Kukan da ba ta yi ba ranar da aka kira mu da labarin rasuwarsa, a ranar ta yi shi. Na zauna a ƙasa na bar ta.

Da ta natsu ta ce, "Yana ƙarami, ban sani ba ko ka tuna, na nemi ƙwaryar nonona na rasa. Na same ta a bayan ɗaki, ya cika ta da yashi, ya zuba ƙwarin nan masu haƙa ɗan rami suna jiran tururuwa. Wai yana kiwonsu. Na dake shi, ya ce in dake shi amma kada in zubar." Ta shafa kwalbar da babban yatsa. "Wannan aikin Sambo ne. Na gane shi. Ni na haife shi, na bari Mairo ta faɗa mini ko wane ne."

Ta tashi da kanta ta shiga ɗaki. Kun san kabad ɗinta mai gilashi, inda ta jera kwanonin da ta tara tun aurenta, waɗanda ko taɓawa ba a yi. Ta matsar da na tsakiya, ta ajiye kwalbar a gaba, daidai inda idon duk mai shigowa zai fara sauka. Sannan ta aika a kira Goggo Mairo. Goggo ta shigo da sallama, ta hango, ta ja da baya tana neman ƙofa.

"Zauna, Mairo, ba ya cizo," in ji Dada. "Ke kika fara ganinsa, ke za ki fara jin labarinsa. In kin gama ji, ki kai shi duk gidan da kika kai wancan. Ƙafarki ai lafiyarta lau."

Tun daga ranar ba macen da ta shiga ɗakin Dada ta fita ba ta ji labarin dodon koɗin teku ba. Mai kawo gaisuwa, mai neman aron turmi, mai tallan daddawa, duk sai ta zaunar da su. Ta iya labarin fiye da ni. Har da hannu take nuna yadda yake shiga yashi. Wadda ta nuna tsoro sai ta ce mata, tsohuwa mai salla tana kwana da shi a ɗaki, ke me zai yi miki? Abin da na kasa yi a bakin titi da dukan ƙarfina, ta yi shi tana zaune a kan tabarma. Ba zan ce maganar ta mutu gaba ɗaya ba. Da ta mutu, da ba na zaune ina rubuta wannan. Amma ta yi rauni, kika samu masu zama kusa da ke, aka dawo aiko wa uwarku goro.

Tifa ba ta dawo ba. Baffa Umaru ma bai dawo ba. Ba don bai gane gaskiya ba. An ce shi ma daga baya ya daina musu. Abin da bai yafe ba shi ne ya ba ni umarni a zaurensa na ƙi. Idan mun haɗu a masallaci na gaishe shi zai amsa, idonsa a wani wuri. Haka har ya rasu. Na ɗauki makararsa, na shiga kabarinsa na karɓe shi, don uba ne a wurina. Amma ko a ranar da muka binne shi na tambayi kaina, da za a mayar da ni gabansa zan binne kwalbar? Ba zan binne ba.

Kafin Dada ta rasu ta damƙa mini ita, ta ce in kula da ruwan, yana raguwa ko da murfin a rufe. Shi ya sa kuke ganina lokaci-lokaci ina sayo sifirit a kemis ina ƙarawa. Ba magani ba ne, ba asiri ba ne. Idan ruwan ya ƙafe abin zai bushe ya zama kamar ƙanzo, shi ke nan ba sauran abin nunawa.

Zainabu, idan dangin yaron nan suka zo da tambaya, kada ki yi kuka, kada ki ɓoye. Ki kawo su wurina, ko ki ba su wannan su karanta. Wanda ya ji ya janye, bar shi ya tafi, gidansa ba wurin zamanki ba ne. Babanki mai rariya ne, da rariya ya gina ɗakin da kika girma a ciki, hannunsa a ruwan da ya fi ƙanƙarar firji sanyi. Kwalbar taki ce, ni ajiya aka ba ni. Ranar da mata za su je yi miki jere zan ba uwarki ita, na kuma riga na faɗa mata inda za ta sa ta. Ba a bayan kwanoni ba. A gaba.